Kewar goben da ba ta zo ba

A shekarar 1955 kamfanin Burroughs na Amurka ya fito da wani ɗan ƙwan gilashi mai suna Nixie, wanda aikinsa shi ne nuna lambobi a fuskar na'urorin awo da na lissafi. Duk wanda ya riƙe shi kusa da ido zai ga cewa babu allo a cikinsa, sai siraran ƙarafa guda goma, kowanne an lanƙwasa shi da siffar lamba ɗaya daga sifili zuwa tara, an jera su ɗaya a bayan ɗaya a cikin iskar niyon. Idan aka ba ɗaya daga cikinsu wutar da ta kai kimanin bolt 170 sai ya ɗauki haske ruwan goro, sauran taran kuma su zauna a cikin duhu ana hango inuwarsu, kuma da yake ba a layi ɗaya suke ba, lambar takan matso gaba ko ta ja baya duk lokacin da ta canza. A shekarun 1970 wasu hanyoyin nuna lamba masu sauƙi da ƙarancin cin wuta suka kore shi daga masana'antu, ko da yake Tarayyar Sobiyet ta ci gaba da ƙera irinsa har zuwa ƙarshen zamaninta. Yau ragowar waɗannan ƙwayayen ne masu sha'awa suke nema ruwa a jallo domin su haɗa agogon tebur, kuma sau da yawa a ƙarƙashin gilashin akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ta zamani da take karɓo lokaci daga intanet.

Wannan agogo ya tattara duk abin da ke cikin wani salo da ya bazu a finafinai da wasannin kwamfuta da tallace-tallace da kiɗa da adon ɗaki: allon talabijin mai ƙoƙon baya da korayen haruffa, manyan madannai masu ƙara idan an danna, allurar awo mai rawa a bayan gilashi, zaren rikoda yana juyawa, kumbo mai fukafukai kamar na kifi. Abin da ya bambanta shi da kewar da aka saba ji shi ne, masu shi ba rayuwar shekarun 1960 suke begen komawa ba. Abin da mutanen wancan lokaci suka zaci za a gani a shekarar 2000 shi ne yake ɗaukar hankalinsu, wato goben da aka zana, aka gina samfurinta, aka kai yara kallonta, sannan ba ta zo ba, ko kuma ta zo da wata fuska dabam.

Yawancin hotunan nan daga manyan bukukuwan baje kolin duniya suka fito. A bikin New York na 1939 kamfanin motoci na General Motors ya kafa wani rumbun kallo mai suna Futurama, wanda Norman Bel Geddes ya tsara, inda baƙi suke zama a kujeru masu tafiya da kansu suna leƙa samfurin ƙasar Amurka kamar yadda za ta kasance a 1960, da manyan hanyoyi masu layuka da yawa da dogayen benaye. Mai fita kuma akan maƙala masa ɗan bajo mai shaida cewa ya ga abin da ke tafe. A 1958 birnin Brussels na Beljiyam ya gina Atomium, tsayinsa mita 102, siffar ƙwayar ƙarfe da aka faɗaɗa sau biliyan 165. A 1962 birnin Seattle na Amurka ya kafa hasumiyarsa mai kan faranti. Bai kamata a yi wa mutanen nan dariya ba, domin abin da idonsu ya gani ya isa ya sa su wannan zato. 'Yan'uwan nan biyu, Wright, sun tashi jirginsu a 1903, tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ya hau sama ranar 4 ga Oktoba 1957, Yuri Gagarin ya zagaya duniya a Afrilun 1961, kuma a Yulin 1969 ɗan'adam ya taka wata. Shekara 66 ke nan tsakanin tashin farko da saukar wata, wato mutum ɗaya zai iya ganin duka biyun a rayuwarsa. Wanda ya shaida haka, idan ya ce jikokinsa za su riƙa zuwa hutu duniyar Mars, lissafi ya yi a kan abin da ya gani.

Lissafin ne ya kuskure hanya. Sun ɗauka cewa abin da zai ci gaba da ninkuwa shi ne gudu da ƙarfi da girma. Kamfanin Ford ya taɓa nuna samfurin wata mota, Nucleon, a ƙarshen shekarun 1950, wadda aka yi tunanin za ta ɗauki ƙaramin injin nukiliya a bayanta, amma ba ta wuce ɗan samfurin ba. Jirgin Concorde ya fara jigilar fasinja a 1976, yana haɗa Landan da New York cikin kimanin sa'a uku da rabi, aka ajiye shi a 2003, kuma jiragen fasinja na yau ba su kai rabin gudunsa ba. Tun bayan tafiyar kumbon Apollo 17 a Disambar 1972 babu wanda ya sake sa ƙafa a wata. Rikicin mai na 1973 ya ƙara tunatar da ƙasashen Yamma cewa makamashi yana da iyaka. Ashe ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya ninku shi ne ƙanƙanta: an ƙirƙiro taransista, ɗan makunnin lantarkin da ake gina ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, a ɗakunan binciken Bell a 1947, a 1971 kamfanin Intel ya cusa guda 2,300 a cikin ƙwaƙwalwarsa ta 4004, yau kuma biliyoyi ne a cikin wayar da ke aljihu. Shi ya sa zanen wancan zamani yake nuna kumbon da ya isa taurari masu nisa, alhali matuƙinsa yana karanta saƙo a kan doguwar takarda mai huji-huji, yana murɗa makunni da hannu. Wannan rashin daidaito, buri mai kai wa taurari da kayan aiki masu nauyin ƙarfe, shi ne gishirin salon gaba ɗaya.

Ko inda suka canka daidai ma, abin bai zo ta ƙofar da suka tsaya jira ba. Kamfanin AT&T ya nuna wayar da ake ganin fuskar mai magana, Picturephone, a bikin New York na 1964, ya fara sayar da hidimar a Pittsburgh a 1970, mutane ƙalilan suka karɓa, abin ya mutu. Sai bayan shekaru da dama kiran bidiyo ya zama ruwan dare, ba tare da wata na'ura ta musamman a kan tebur ba.

Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a nan, amma maganar ba ta bayyana dalilin da ya sa matasan da ba su taɓa mallakar rikoda ba suke cikin waɗanda suka fi rungumar wannan salo. Wanda aka haifa bayan 2000 ba shi da barar da zai tuna a cikin kaset. A ganina abin da yake jan su shi ne na'urar da take nuna yadda take aiki.

A ɗauki kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Ta 'yar tagar da ke tsakiyarsa ana ganin zaren yana raguwa a hagu yana taruwa a dama, saboda haka ido kaɗai ya isa ya gaya wa mutum saura nawa waƙa ta ƙare. Idan zaren ya warware, a zura biro a cikin ramin mai haƙora a juya a hankali har ya koma. A saman kaset akwai wani ɗan harshe na roba, wanda idan aka ɓalle shi rikoda ba za ta yarda ta ɗauki sabon sauti a kai ba, kuma wanda ya canza shawara sai ya liƙe ramin da salatif ya ci gaba da ɗauka. Dukan wannan ilimi ne da hannu yake koya ba tare da an karanta takarda ba, kuma kowane aiki yana da nasa motsi da nasa sauti: madannin kunnawa yana da nauyinsa, na tsayarwa yana da ƙararsa. Tsofaffin akwatunan rediyo da talabijin da yawa sukan zo da taswirar wayoyinsu a manne a cikin murfin baya, domin masu ƙera su sun ɗauka cewa wata rana wani zai kwance sukurori ya gyara. Hatta kwamfutar da ta kai Apollo wata, saƙa manhajarta aka yi da hannu. Mata ma'aikata a kamfanin Raytheon ne suke zura siririyar waya ta cikin ƙananan zobba na maganaɗisu: idan wayar ta bi ta cikin zobe, ɗaya ke nan, idan ta kewaye shi, sifili. Umarnin da ya saukar da mutum a wata abu ne da za a iya ɗauka a tafin hannu a auna nauyinsa.

Wayar zamani kuwa baƙin gilashi ce shafaffe, an liƙe ta da gam, kuma motsin yatsa guda ne yake aika kuɗi, ya goge hoto, ya kira likita. Tana yin abin da duk na'urorin da na lissafa ba za su iya ba ko da an tara su wuri ɗaya, kuma ba na tsammanin akwai mai son mayar da ita da gaske. Sai dai ba ta gaya wa mai ita komai game da cikinta, waƙoƙin da yake ji aro ne da za a iya janyewa gobe, kuma idan ta tsaya, yawanci babu abin da zai kwance. Gobe ta zo da ƙarfin da ya wuce zaton masu zane, amma ta zo a ɓoye, a cikin rumbunan kwamfuta da ba wanda yake ganinsu da wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Mai kewar madanni da allura yana neman goben da take da jiki ne.

Akwai kuma wani abu na biyu da ya fi wannan zurfi, kuma hoton da ya fi nuna shi daga ƙasar Chile ya fito. Tsakanin 1971 da 1973 gwamnatin Salvador Allende ta gayyaci wani masani ɗan Ingila, Stafford Beer, domin ya tsara hanyar da masana'antun da gwamnati ta karɓa za su riƙa aiko da bayanan aikinsu kullum zuwa Santiago. Aikin shi ne ake kira Cybersyn. Ƙasar ba ta da kwamfutoci da yawa, saboda haka aka yi amfani da na'urorin teleks, masu aika rubutaccen saƙo ta layin waya, da aka rarraba a masana'antu, suna turo alƙaluma zuwa babbar kwamfuta a babban birni. Abin da duniya ta fi sani shi ne ɗakin gudanarwar: ɗaki mai kusurwa shida, da fararen kujeru bakwai masu juyawa da aka jera a da'ira, babu tebur a tsakiya, a hannun kowace kujera akwai manyan madannai da wurin kaɗe tokar sigari, bango kuma cike da alluna. Hoton yana yawo a intanet ana yaba kyansa, amma kaɗan ne suke sanin cewa yawancin abin da ke bayyana a allunan hotuna ne da masu zane suka shirya da hannu, ana hasko su daga baya. Sashen da ya yi aiki na haƙiƙa shi ne teleks ɗin, wanda gwamnati ta yi amfani da shi wajen tsara jigilar kaya lokacin yajin aikin masu manyan motoci a Oktobar 1972. Juyin mulkin 11 ga Satumba 1973 ya kawo ƙarshen shirin, ɗakin ma aka rushe shi.

Ko mutum ya yarda da siyasar Allende ko bai yarda ba, ɗakin nan yana ɗauke da wani zato da ya yi ƙaranci a yau, wato cewa gobe abu ce da jama'a za su zauna a da'ira su tsara, su ga alƙaluma iri ɗaya, su yi gardama a kai. Haka Faransa ta raba wa gidaje na'urar Minitel tun daga 1982, mutane suna duba lambar waya da sayen tikitin jirgin ƙasa shekaru kafin yawancin duniya ta san intanet, kuma ba a kashe ta ba sai 2012. A wancan zamani gwamnatoci da kamfanoni suna yin alkawari a bainar jama'a, da kwanan wata a jiki. Hasashen da aka fi ji yanzu na ɗumamar yanayi ne da rasa ayyukan yi da leƙen asirin mutane, saboda haka ba abin mamaki ba ne matashi ya waiwaya ga zamanin da ake zana gobe da launi mai haske.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu ɗaukar hotunan nan kamar wata aljannar da aka rasa. Kowace gobe da aka zana tana da mai ita. Futurama talla ce ta mai sayar da mota, kuma lokacin da Amurka ta zartar da dokar manyan hanyoyi a 1956 aka fara gina abin da samfurin ya nuna, hanyoyin da yawa ta tsakiyar unguwannin baƙaƙen fata da talakawa suka ratsa, aka tashi dubban iyalai. Gidan gobe da kamfanin Monsanto ya gina da roba a Disneyland a 1957, da sauran tallace-tallace irinsa, sun canza komai na ɗakin girki ban da wadda take tsaye a ciki: na'ura ta sauya, matsayin mace bai motsa ba. Mafi muni shi ne bikin Brussels na 1958. A filin da Atomium yake ƙyalli da sunan ci gaban ɗan'adam, an kafa wani abin da aka kira ƙauyen Kwango, inda aka ajiye 'yan Kwango a bayan shinge suna sana'ar hannu Turawa suna kallo, shekara biyu kacal kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Yuraniyom ɗin da ya buɗe zamanin nukiliyar da ake biki dominsa, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwangon aka haƙo shi. Wanda ya rataya hoton Atomium a bango yana da 'yancin son siffarsa, amma ya kamata ya san su wane ne aka gayyata cikin waccan goben, su wane ne kuma aka kawo domin a kalla.

Su kansu na'urorin ba waliyyai ba ne. Rikoda tana cin zare, sauti yana dusashewa da yawan ji, akwatin talabijin yana da nauyin da sai mutum biyu, gilashinsa kuma cike yake da dalma.

Ginin da ya fi koya mini wani abu a wannan batu shi ne hasumiyar Nakagin ta Tokyo, wadda Kisho Kurokawa ya zana aka kammala a 1972. Ɗakuna 140 ne, kowanne akwati mai faɗin kimanin murabba'in mita goma da taga guda zagayayya, an ƙera shi a masana'anta, an ɗaure shi a jikin ginshiƙin kankare da manyan kusoshi huɗu. A cikin bango an saka talabijin da rediyo da rikoda mai manyan faifan zare. Tunanin shi ne ginin zai riƙa sabunta kansa, a cire tsohon akwati a saka sabo bayan kowace shekara 25. Ba a taɓa canza ko ɗaya ba, domin cire na ƙasa yana buƙatar ɗaga waɗanda ke samansa, kuma hakan ba zai yiwu ba sai duk masu ɗakunan sun amince sun kuma biya. Ruwa ya yi ta shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, ga sinadarin asbestos mai cutar da huhu a jiki, har aka rushe ginin a 2022. An ceto akwatuna 23, wasu suka tafi gidajen adana kayan tarihi. Zanen ya tanadi komai game da ƙarfe da kankare, amma bai tanadi yadda maƙwabta fiye da ɗari za su yi shawara ɗaya ba, kuma yawancin goben da ba ta zo ba a irin wannan wuri ta maƙale.

Saboda haka idan na ga sabon kaya da aka yi wa wannan ado, abin da nake dubawa shi ne ko ya ɗauko dabarar ko fatar kawai ya ara. Kasuwa cike take da lasifikoki masu siffar tsohuwar rediyo, da allurar da ba ta auna komai, da batirin da aka liƙe a ciki yadda idan ya mutu sai a jefar da akwatin duka. Akwai manhajojin da suke ƙara wa hoto layukan tsohon talabijin, ko su zuba wa waƙa shuuu irin na kaset. Wannan kamar a sayi kube ne a bar wuƙar. Ba na ƙin sa a matsayin wasa, kuma wasu mawaƙa da masu shirya fim suna yin abin kirki da shi, amma ba ya mayar wa kowa da ikon da ake kewa. Ko dawowar faifan garmaho, wanda a Amurka yawan wanda aka sayar a 2022 ya zarce na faifan CD a karon farko tun 1987, tana da fuska biyu: wasu saurare suke yi, wasu kuma jingine shi suke a kan tebur domin ado.

Misalin aron da ya yi amfani shi ne na 'yar rediyon aljihu ta Braun T3, wadda Dieter Rams ya tsara a 1958, farar akwati da da'ira guda ta murɗawa. Masu nazarin zane sun daɗe suna nuna kamarta da iPod na farko, 'yar na'urar sauraron kiɗa da kamfanin Apple ya fitar a 2001, kuma abin da ya ratsa daga wannan zuwa wancan shi ne tunanin cewa babban yatsa ɗaya ya isa ya sarrafa na'ura ba tare da an tsaya karatu ba. Irin wannan komawa tana faruwa yanzu a wuraren da ba a kiranta ado. Bayan shekarun da masu ƙera motoci suka yi suna tura komai cikin allon shafawa, hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta sanar cewa daga 2026 motar da take neman cikakken maki sai ta tanadi madannai ko sanduna na zahiri domin sigina da hon da goge gilashi da fitilar gargaɗi, saboda direban da yake lalube a allo ya ɗauke idonsa daga hanya. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2023 da ta wajabta cewa daga Fabrairun 2027 batirin yawancin ƙananan na'urori ya zama wanda mai kaya zai iya cirewa ya sauya da kansa. Babu ɗaya daga cikin matakan nan biyu da yake da korayen haruffa ko haske ruwan goro, kuma ba na jin wani zai buga hotonsu ya rataya a ɗaki, amma su ne suka fi kusa da abin da mai juya kaset da biro yake da shi a hannunsa.